Ranar da na kashe Mudir sau biyu

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na tsuguna a gaban manyan mutane ina bayanin dokokin wasan 'yan tsana ba, da furfura a gemuna, da 'ya'ya huɗu a gida suna jiran abin da zan aiko.

A lokacin ina gadin wata gona a Samnu, wani ƙauye a wajen birnin Sabha, can ƙasar Larabawa. Aikin ba wuya: ka tada injin ruwa, ka kashe shi, ka zagaya dabino da albasa. Wuyar ita ce shiru. Mai gonar, wani Balarabe da muke kira Mudir, sai ya ga dama yake leƙowa. Sai in wuni in kwana ban ji muryar ɗan Adam ba, har na fara yi wa injin ruwa sannu da aiki. Amma ina riƙe da wurin hannu biyu, don kafin Malam Idi, dattijon 'yan garinmu a unguwar Jadid ta Sabha, ya tsaya mini na same shi, na sha tsayuwar bakin titi ina jiran motar kwasar leburori.

Kaɗaicin nan ne ya kai hannuna ga laka. Na tuna dawakin da muke ginawa muna yara a bakin tafki, na gina ɗaya, na ɗora masa mahayi, kafin in farga ina da runduna biyu a bayan ɗaki. Ƙayar dabino ce mashi, murfin kwalba garkuwa, fasassun bulo ganuwa. Yaƙi ne irin na zamanin da, na kwari da baka (bindiga dai mun ji ƙararta a ƙasar nan har ta ishe mu).

Matsalar yaƙin mutum ɗaya ita ce wa zai yanke hukunci. Da farko na bar wa hankalina, sai na lura rundunata ba ta taɓa shan kashi ba, ko da mutum uku suka rage mata. Na nemo a waya dokokin da Turawa masu irin wannan wasa suke bi, da awon tazara da lissafin sulke, Faransancina na ɗan aji uku ya mutu a shafin farko. Ƙarshe na yanka tawa dokar. Ƙwallon dabino huɗu, kowanne na shafa wa gefe ɗaya gawayi. In baƙi ya fi yawa, wanda aka kai wa hari ya mutu. In fari ne ya tsira, in biyu da biyu ne kowa ya ja da baya. Babbar dokar kuwa, wadda nake alfahari da ita kamar na kafa ƙasa: abin da ya faɗi ya faɗi, ba a sake jifa.

Sarkin abokan gaba laka ta yi masa yawa, ya fito da tumbi, sai na sa masa suna Mudir. (Wallahi ba ni da komai a rai game da bawan Allahn nan. Tumbin ne kawai.)

Wata rana Haruna, ɗan garinmu da ake ɗaukowa yankan dabino, ya zagayo bayan ɗaki neman igiya. Ya tarar da ni a durƙushe ina watsa ƙwallaye, ga mutum-mutumi mai tumbi da ƙaya a ƙirji, ina cewa, "Yau kam Mudir ka mutu." Ya koma da baya ko sallama bai yi ba. Maganar ta isa Jadid, daga can ta isa kunnen Mudir na gaske. Wanda ya zauna a Sabha ya san baƙon da aka ɗora wa zargin sihiri, korar aiki ce mafi sauƙin abin da zai same shi.

Suka zo bayan la'asar: Mudir da ƙanensa, da Malam Idi a matsayin tafinta, Haruna na raɓe a baya. Malam Idi ya ja ni gefe ya ce, "Ƙanena, ni na tsaya maka. Faɗi gaskiya kafin a kira shurɗa, ka san halin 'yan sandan nan." Na ce, "Malam, wasa ne." Ya dube ni kamar na zage shi. Mudir ya ce in wasa ne, a yi a gabansa.

Haka na tsuguna na jera runduna. Ina bayani, Malam Idi yana juyawa da Larabci, kansa a sunkuye, dattijon da ake kira raba gardama yau shi ne yake neman yadda zai ce wannan mai karyayyen wuyan shi ne mai busa ƙaho. Na bayyana ƙwallaye, na jaddada babbar doka. Da na tura dawakina gaba, saboda sabo, sai da na yi haniniya. Da bakina. Ƙanen Mudir ya juya yana kallon dabino.

A zuciyata ina roƙon Allah ya ba sarki mai tumbi nasara, kowa ya ga ba ni da nufin sharri. Na watsa. Huɗu duka baƙi. Mudir ya tambayi ma'ana, Malam Idi kuwa ba ya ƙarya, ya gaya masa ya mutu. Na yi wuf na ce hannuna ne ya zame, na kwashe. Ƙanen ya tambaya a hankali, ba yanzu na ce ba a sake jifa ba? Na yi kamar ban ji ba, na sake watsawa. Uku baƙi.

Na jira tsawa, ba ta zo ba. Mudir ya ɗauki sarkin, ya dubi tumbinsa, ya dubi nasa, ya ajiye shi a hankali, ya dube ni ya ce, "Miskin," wato abin tausayi. Ya gaya wa Malam Idi wannan ba matsafi ba ne, kaɗaici ne ya taɓa masa kai, kuma Allah zai tambaye shi in ya bar mutum irina shi kaɗai da rijiya da injin ruwa. Ya sa aka cika mini buhu da dabino, ya ce in haɗa kayana, da kansa zai kai ni gari. Ina shiga mota na hango Haruna yana tura rundunonina cikin magudanar ruwa da ƙafa. Na ji zafin abin fiye da korar, kuma jin zafin ya ƙara mini wata kunyar.

A hanya, da muka hango fitilun Sabha, Malam Idi ya juyo gare ni. Ya ce, "Da boka aka kama, da na san abin da zan gaya wa mutane."

Yanzu na koma bakin titi a Jadid. Sarkin Yaƙi suke kirana, in mota ta tsaya muka ruga sai wani ya yi haniniya a bayana. Matata na gaya mata an sayar da gonar. Ƙwallayen suna aljihuna har yau, gawayin ya goge. Duk dokokin da na zaɓa, ɗaya ce ta bi ni har waje, ita ce ba a sake jifa. Ɗayan darasin kuma ƙarami ne: in za ka gina abokin gaba, ka rage masa laka a ciki.