A Dawo da Auta Tsakiyar Layi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Miƙa-Gaba, mai raba darasi ta waya, Allah ya ƙara girma.

Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ni ce uwar Auta, yarinyar da ke shirin jarrabawar fita sakandare da manhajarku. Yayarta ta yi mini bayanin tsarinku: malami ba ya aika darasi ga kowa kai tsaye, waya ce ke karɓa ta miƙa wa wata, kamar bokiti ranar gobara. Na yaba ƙwarai. Ga 'yan koke-kokena.

Na ɗaya. Da kuka ga ɗakinmu na sama ne, sabis yana kama mu da kyau, sai kuka sa wayar Auta a gaba tana ciyar da gida bakwai. Ranka ya daɗe, ko tsintsiya za a ara, ba a sallama wa mai ita?

Na biyu. Ranar Talata, ana tsakiyar lissafi, na taɓa wayar na ji ta rau kamar yaro mai zazzaɓi. Na yi abin da kowace uwa za ta yi: na kashe ta, na kwantar da ita ta huta. Kafin in juya, mata bakwai sun hawo matakalarmu, har da matar mai walda da ludayi a hannu. Ina na san darasin 'ya'yansu ta ɗakina yake bi?

Na uku, shi ne ya hana ni cin abinci. Saboda kashewar nan, na'urarku mai hikima ta rubuta mu cikin marasa amana, ta jefa Auta wutsiyar layi. Yanzu malam zai yi tambaya, ta iso mana bayan minti biyu, hotonsa kuma ya daskare da baki a buɗe. Auta ta rubuta amsa daidai, aji ya riga ya wuce, a yi mata dariya. Jiya ta ce ta daina amsawa. Saura kwana tara jarrabawa.

Ga 'yar mai kemis kuwa, ta toshe miƙawa, tana sha ba ta zuba wa kowa, amma tana gaba saboda wayarta mai gudu ce. Wane mudu kuke awo da shi?

An ce in aka sa raunanan wayoyi irin ta Auta a gaba, darasin kowa zai yi ɗingishi. Na yarda. Ban nemi gaba ba. Ku dawo da ita tsakiya, ku ba mu gida uku, za mu riƙe su da amana.

In kuwa dole wani ya zauna a wutsiya, ni ma ina ajin karatun manya a manhajar nan da tsohuwar wayata. Ku sa ni. Shekara arba'in na jira kafin karatu ya iso ni, minti biyu ba za su kashe ni ba.

Taku mai biyayya, gwiwa biyu a ƙasa,
Uwar Auta, ɗakin sama