Rasuwar Tsohon Akwatin Wasan Ɗan Leƙen Asiri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, mai gyaran rediyo na bakin tasha yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar akwatin wasan nan da ke tsaye a lungun shagonsa, wanda ya cika ranar Talata da hantsi, yana da shekara talatin da huɗu.

Marigayin dogo ne, mai fuskar gilashi, da sandar juyawa ɗaya da jajayen maɓallai biyu. Aikinsa guda a duniya: ɗan leƙen asiri mai baƙar kwat ya kutsa masana'antar maƙiya, ya kwaso takardu, ya fito da ransa. Bai taɓa ha'inci ba. In ya kashe ka, ka san laifinka ne. Maƙwabta ba za su manta da "tiw-tiw" ɗinsa ba, balle doguwar "tururuuu" da yake ja idan harsashi ya samu mutum.

Ciwon ajalin ya fara da ratsi-ratsi a fuska, murya ta dishe, sai warin ƙuna. Mai shagon, da ya tashi rediyoyin mutane ba adadi, ya yi kwana tara a kansa da dalma a hannu. Allon cikin ya ƙone, kuma an daɗe da daina ƙera irinsa.

Ya rasu ya bar ɗa na kaset, da jika na faifai, da tattaɓa-kunne da ke zaune a cikin waya, mai ƙyalƙyali da surutun tsiya.

Ya kuma bar Yaya, wan mai shagon, tsohon direba, wanda ciwon mantuwa ya kama shekara uku ke nan. Yaya ba ya gane matarsa, ba ya gane 'ya'yansa. Amma kullum da la'asar in aka zaunar da shi gaban marigayin, hannuwansa sukan tuna komai. A cikin wasan yakan tsallake masu gadi, ya haye bene, sannan ba tare da ya waiwayo ba ya ce, "Kai Gajere, matsa, kana kare mini haske!" Duk duniya babu sauran mai kiran mai shagon da wannan suna.

Shekaranjiya an miƙa wa Yaya wasan na cikin waya. Ya jujjuya ta, ya mayar wa ƙanensa da hannu biyu, ya ce, "Malam, ga kayanka, kada ya faɗi."

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe, kafin lokacin zuwan Yaya. Masu sayen ƙarafa za su ɗauki gawar a kura, ta ƙofar baya. Za a karɓi gaisuwa a shagon har kwana uku. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya, don Allah, kada kowa ya faɗa a gaban Yaya. An ce masa wuta aka ɗauke, yana nan yana jira a kawo.