Rasuwar Wayata Bayan An Sa Mata Sabon Gilashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar wayata, baƙa mai fasasshiyar fuska, wadda kuka saba gani a gefen matashina. Ta rasu a hannuna, kwana ɗaya bayan an sallamo ta daga wurin mai gyara.

Ɗana na fari, direban babbar mota, shi ya saya mini ita. Marigayiya mai haƙuri ce. Ta sha faɗuwa a bakin murhu, ta sha hannun jikoki mai maiƙo, ba ta taɓa yin fushi ba. Amma babban alherinta shi ne ta riƙe mini muryar ɗana, saƙon da ya turo kafin hatsarin da ya tafi da shi. Akwai ƙarar inji a bayansa, yana cewa, "Inna, na ga kiranki, ina tuƙi ne. Ki sha maganinki. Kar ki ce kin manta, na san halinki." Sai ya yi dariya, saƙon ya ƙare. Kullum da safe sai na ji shi kafin in haɗiye ƙwayar hawan jini.

Ciwon ajalinta ya samo asali ranar da aka kawo mini labarin rasuwarsa. Ta suɓuce daga hannuna, ta daki siminti, gilashin ya tsage daga kusurwa har ciki. Rubutun wayar ba da yarenmu ba ne, ba na gane shi. Sai Allah ya sa inda tsagewar ta rabu biyu, daidai nan ake taɓawa muryar ta fito. Ko idona a rufe, yatsana na bin tsagar ya kai ni wurinsa.

Da gilashin ya fara yanka ni, 'yata ta ga jini a zanin gado.

"Inna, wannan waya ce ko reza? Tashi mu je a canja."

Na ce a bar ta haka. Ta ce, "Ke dai ba kya son abin arziki." Don tausayi ta yi, kada kowa ya ga laifinta.

Mai gyaran yana ƙarƙashin benen kasuwa. Ya kwantar da marigayiya a kan faranti mai zafi, ya zura siririn zaren ƙarfe ƙarƙashin gilashin yana ja hagu da dama, har fuskar ta ɗago. Ya share tsohon gam, ya manna sabuwar fuska, ya goge da tsumma.

"Mama, ga amaryarki. Ko ƙuda ya sauka sai ya zame."

Washegari 'yata ta buɗe mini shafin saƙonnin yayanta, ta tafi aiki. Na sa yatsa, ba tsaga, ba alama, sumul kamar ruwa. Na laluba na danna, na daɗe ban ɗaga ba. Wani rubutu ya fito, na zaci izini take nema ta yi magana, na danna, na sake dannawa. Wurin ya zama fili.

Mun koma wurin mai gyara. Ya juya ta, ya duba, ya cire hularsa ya mayar.

"Wallahi Mama, lafiyarta ƙalau. Abin da aka goge ne ba ya dawowa."

Wayar ɗana kuwa ta ƙone tare da motar. Saboda haka duk wanda ya ga tawa tana haske, kada ya ce mini tana da rai.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin roba a wuya, da rigarta da ta koɗe, da 'yata da ta kasa haɗa ido da ni, da ni.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a ɗakina. Zan naɗe ta cikin rigar aikin ɗana, in sa ta can ƙasan akwati. Tsohon gilashin na roƙa a haɗa su, mai gyara ya ce an riga an kwashe shara. Kada a kawo mini wata wayar.

Masu zuwa gaisuwa su bari sai hantsi. Wanda ya yi sammako ya tarar da ni zaune da ƙwaya a tafin hannu, ya zauna shiru, kada ya ce in sha. Ina ƙoƙarin tuna yadda ɗana yake faɗa ne.