Khal ɗin Abu Salih da Butar Shayina

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da Abu Salih ya ƙwanƙwasa ƙofata a unguwar Ulaisha ta Riyad ba, alhali bai taɓa zuwa gidana ba sai ranar.

Tsohon Balarabe ne mai 'yar gonar inabi a kudancin Riyad. Ba shi da ma'aikaci ko ɗaya. Shi ke yanka reshe, shi ke ban ruwa, shi ke ɗoro inabin a bayan tsohuwar motarsa ya kawo bakin masallacinmu ranar Juma'a. Ni kuwa tafinta ne, na ci shekaru a Marsai ta Faransa da Abijan da Istanbul kafin na zauna nan. A Faransa na sha fassara wa masu gonakin inabi, na ga yadda suke juya giya a kofi suna shanshanawa kamar masu neman laifi (ban taɓa kai ta baki ba, Allah shaida, amma kalamansu na haddace su tsaf). Da waɗannan kalaman nake cika wa Abu Salih kunne duk mako.

Wata Juma'a ya miƙo mini ƙaramar kwalba da hannu biyu. "Khal ne, ya Hajji, ruwan tsami na inabina. Ba na sayarwa."

A gida na ɗaga ta a haske. Ruwan ya yi duhu, ga wani abu mai yauƙi kwance a gindi. Ni da na saba da khal ɗin kanti mai haske kamar hawaye, sai na ce aikin ƙauye ne. Wanda ya zauna a Riyad ya san farin gishirin da ruwan garin ke bari a gindin buta, khal kuwa na cinye shi. Na tuttula khal ɗin a butar shayina, na tsaya kafin ƙazantar nan ta biyo, na tafasa. Buta ta fito kamar sabuwa. Kwalbar kuwa na rufe na tura ta ƙarƙashin wurin wanke-wanke.

Da ya tambaye ni yadda na ji shi, sai bakina ya kama aiki. Na ce akwai ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari, akwai zabibi, akwai tsohon itace. Ya yi ta gyaɗa kai, idonsa na ƙyalli.

Wata huɗu bayan nan ne ya zo. Na zaunar da shi, na zuba masa shayi (daga wace buta, kun sani). Bai sha ba.

"Tuluna ya tsage da zafin bana," in ji shi. "Kwana uku ina asibiti, na dawo na tarar ya bushe ƙaf. Uwar ta mutu."

Ya bayyana mini cewa abin nan mai yauƙi shi suke kira uwa. Ita ke juya ruwan inabi ya zama khal. Tasa daga tulun mahaifinsa ta fito, ta mahaifinsa daga na kakansa. Kowace shekara sai a ɗebi tsohuwa a zuba a sabo, ba a taɓa yankewa ba.

"Mutum uku na ba. Biyu sun shanye, sun wanke kwalba. Na ce Hajji shi ya san darajarsa, ba zai yi gaggawa ba."

Harsuna biyar nake ji, na lalubi ko ɗaya da zan yi ƙarya a cikinsa ban samu ba. Na nuna masa butar, na faɗa masa gaskiya da Larabcin da ya koma na ɗan koyo.

Ya dubi butar, ya dube ni. "Ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari fa?"

"Na Faransawa ne, ya Abu Salih."

"Kwalbar tana ina?"

Na durƙusa da gemuna da furfurata ina ture sabulu da soso. Tana nan, da ragowar da bai wuce kaurin yatsa biyu ba. Ya karɓa, ya buɗe, ya kai hanci, ya rufe ido ya daɗe. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba, ko a filin jirgi inda ake tarbar 'ya'ya.

"Tana da rai," ya ce a hankali.

Ya nemi gutsuren gurasa, ya ɗiga ɗigo ɗaya ya ba ni. Tsamin ya fara dukan harshe, sai ya lafa, wani zaƙi ya taso daga ƙarƙashinsa ya ƙi tafiya. Na zauna shiru ina tunanin hannaye uku da suka yi ta miƙa wa juna wannan abu a cikin hamada, shekara bayan shekara, ni kuma na dafa shi don gishiri.

"Ba ka ce komai ba, ya Hajji."

"Ba ni da abin cewa."

"To yanzu ne ka ɗanɗana."

Ya cire hiramin kansa ya naɗe kwalbar, ya tafi da kai a buɗe. Bayan wata biyu ya gaya mini uwar ta kama a sabon tulu.

Bai sake ba ni kwalba ba. Idan na je gonarsa sai ya ɗebo mini cokali guda, ya tsaya a kaina har na haɗiye. Abin da na koya a wannan tsufa nawa shi ne, kada ka yabi abin da ba ka sa a baki ba, don wata rana mai shi zai yarda da kai.