Tauraron Cittar Kaka Kumai

"...ya hanya, uwargida? Ko mai mashin ya jefar da ke a kwana?"

"Lafiya lau, maigida. Na ɗauka zan tarar ana yi maka waƙar bankwana, ashe kana nan kana cinye mana acca."

Rana ta faɗi ke nan. Kaka Kumai yana zaune a kan dutse bayan gida, a ƙauyensu kusa da Kachia, fuskarsa na kallon kudu. Shekara arba'in ba a dasa citta a gidan sai ya ce ya ga wani tauraro mai launin lemo ya leƙo ta saman tudu da magariba. Bana an yi ruwa sau uku, iri ya fara tsiro a inuwa, 'ya'yansa suna jira, tsohon bai ce ya gan shi ba. Sai dai ya aika wa jikarsa Tamar, mai karatun kimiyya, ta sayo masa tabarau a kasuwar Kafanchan.

"Ga saƙonka," in ji Tamar. "Wa za ka kalla da shi?"

"Matan zumunta a coci. Na gaji da ke, duk ƙashi kamar karan dawa."

"Su kuma su kalli me? Kai da tauraronka ɗaya ne, na karanta labarinsa. Tsoho ne, makamashinsa ya ja baya, ya kumbura har ya ninka rana sau goma, ya huce ya koma ruwan lemo. Tumbi, tsufa, jan ido. Hotonka sak!"

"Ya ninka rana? To kin yarda mijinki babba ne."

"Kuma haskensa shekara wajen sittin yake tafe kafin ya iso. Irin tafiyarka zuwa coci."

"Sittin? Lokacin ina neman kakarki ke nan. Da na san ke za a haifo mini, da na fasa."

Ya saka tabarau, ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa yatsa.

"Ga shi can! Je ki gaya wa kawunnanki, gobe dashe."

Tamar ta bi yatsan. Jar fitilar saman ƙarfen sabis ce, wanda aka kafa bara. Tauraron yana can hagu, ya riga ya haye tudu. Nan ta gane ba don matan zumunta aka aike ta kasuwa ba. Ta kuma san a gidan nan babu abin da ya rage ana tambayar tsohon sai wannan ɗaya.

"Maigida, tauraronka yana da tsani."

Ya gyara tabarau. "Ci gaba ne. Ke me kika sani?"

Ta kama wuyan hannunsa, ta karkata shi hagu. "Nan."

"Ai nan nake nunawa tun ɗazu, hannun ne ya karkace."

"Kana ganinsa?"

Can ya ce a hankali, "Wane launi ne yau?"

"Kamar lemon da ya nuna."

"To shi ne."

"Kai za ka faɗa musu, ni ban ga komai ba. Amma ranar Litinin muna asibitin ido, a cire maka yanar idon nan. In ka ƙi, ranar Lahadi zan miƙe a coci in ba da shaida: Kumai yana noma da ƙarfen sabis."

Ya yi dariya har tabarau ya zame masa kan hanci.

"Muguwar mace! Na ji, Litinin. Kuma kunya biyar na bakin rafi naki ne."

"Goma."

"Biyar. Sauran na matan zumunta ne."

Ya dafa kafaɗarta ya miƙe, ya gyara murya ya juya wajen gida.

"Nelson! Kaleb! Ku shirya iri, na gan shi!"