Goggo Ba Za Ta Faɗi Sunan Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Haske Ga Kowa, gatan makafi, wanda hotonsa ya fi na kowa girma a allon talla.

Bayan gaisuwa da ban girma, ina neman afuwa. Ni ɗaliba ce, ko a aji ban cika ɗaga hannu ba. Sai dai Goggo Saude, yayar babana, makauniya ce, tana shan magani iri uku, kuma ku kuka ba ta wayar nan mai ƙirƙirarriyar basira, kuka ce za ta riƙa karanta mata sunan kowane magani.

Na ɗaya, ina yaba hikimarku da kuka yi bikin rabon a saman bene a Kazaure. Guragu sun yini a ƙasa kan kekunansu suna sauraron tafi. Ashe jin tafin ma rabo ne?

Na biyu, wayar ba ta buɗewa sai an kalli wani koren ɗigo an bi shi da ido. Ranka ya daɗe, wa ya gwada wannan kafin a kawo wa makafi? Allah ya ƙara masa gani.

Na uku, da muka kai kuka, kun aiko da gyara, yanzu da murya ake buɗewa. Mun gode ƙwarai. Amma abin da wayar ke so Goggo ta faɗa shi ne sunan ɗanta na fari. Mu Fulani ne. Ɗan nan har ya yi furfura, ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta. Ta ce wancan na Babura, wayar ta ce ba ta gane ba. Ta ce mai shagon taki, wayar ta ce a sake. Na faɗa a madadinta, aka ce muryar ba ta mai waya ba ce. Malaminmu ya ce basirar taku ta haddace littattafan duniya kaf. Duk cikinsu ba inda aka rubuta kunya? A ofishinku babu wanda uwa ta haifa?

Na huɗu, wayar takan kira ta Saude gatsal, ko sallama babu. Goggo ta tambaye ni 'yar gidan waye wannan. Na ce taku ce. Ku yafe mini.

Ranar Lahadi hutu zai ƙare, zan koma makarantar kwana. Kowa a gidan yana gona har la'asar, ga shi ni nake miƙa mata maganin. Na ce zan fasa komawa, ta ce kada in kuskura, za ta riƙa bambance ƙwayoyin da harshe. Na ɗanɗana su a ɓoye, ranka ya daɗe. Biyu daga ciki ɗacinsu ɗaya.

Allah ya ja zamaninku, ya ƙara wa benenku hawa.

Taku mai biyayya, da kai a sunkuye,
Bahijja Daudu, Roni.