Ranar da Baba Bulus Ya Warke Ba da Izinina Ba

Abubuwa da yawa sun shige mini a aikin lauya, amma wata Lahadi a Mahuta ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da na so. Ranar ce na tsaya a gaban mutane sun fi sittin, da makirufo a hannuna, na nemi hana wani bawan Allah warkewa.

Ni ba irin lauyoyin nan ba ne da kuke gani a talabijin suna kare manya. Nawa ɓangaren shi ne mutanen da suka ji rauni: wanda inji ya cinye wa yatsa, wanda tirela ta ture, wanda ya faɗo daga bene yana aikin gini. Ofishina ɗaki ɗaya ne a Makera, a saman shagon mai faci, don haka duk shawarar da zan bayar sai na ɗaga murya na rinjayi injin ba taya iska.

Aikin akwai ban haushi, ba zan ɓoye muku ba. Za ka yi wata uku kana haɗa takardu, ka je asibiti sau goma kafin a gano katin majinyaci, ka lallashi shaidu kamar aurensu kake nema, sai ana gobe shiga kotu mutuminka ya kira ka ya ce, "Barista, dattawa sun zauna, na yafe. Ƙaddara ce." (Ƙaddarar nan ta kayar da ni fiye da duk lauyoyin kamfanonin Kaduna.) In bai yafe ba, shaidun ne za su tuna cewa lokacin da abin ya faru sun zagaya bayan gida, su duka bakwai a tare. In shaidu sun zo, alƙali ya tafi taron bita. Ga dangi suna kira safe da yamma, ba don su ji yadda shari'a take ba, sai dai, "Barista, kuɗin ya shigo?"

Shi ya sa da na samu shari'ar Baba Bulus na riƙe ta hannu bibbiyu. Dattijo ne mai sanyin magana, ya kusa shekara ashirin yana aiki a wani kamfanin robobi a Kudenda. Wata rana motar ɗaga kaya ta yi baya ba tare da direban ya duba ba, ta matse masa ƙafar dama da bango. Karaya biyu, aiki a asibiti sau biyu. Kamfanin ya aiko da buhun shinkafa da katan ɗin madara, bayan wata biyu kuma ya aiko da takardar sallama. Baba Bulus bai yafe ba. Ba rigima yake so ba. So yake ya samu abin da zai sayi injin niƙa ya kama shago, tunda a shekarunsa babu kamfanin da zai sake ɗaukarsa, ga yara uku a makaranta.

Abin da ya fi daɗaɗa mini rai a fayil ɗin shi ne jimla ɗaya a rahoton likita: da wuya majinyacin ya sake tafiya ba tare da sanda ba. Jama'a, na ƙaunaci jimlar nan. Na ja mata layi da jan biro, na haddace ta, ina wanka ina maimaita ta. A aikinmu girman diyya yana bin girman nakasa ne, kuma jimlar nan ita kaɗai ta isa injin niƙa da shago har da janareto. Bayan wata takwas ana jan ƙafa, kamfanin ya yarda a zauna sulhu ranar wata Talata, da sharaɗin likitan inshorarsu zai duba ƙafar da idonsa kafin a yanke adadi.

Ana saura kwana huɗu matarsa, Mama Saratu, ta kira ni. "Barista, ran Lahadi da yamma akwai ɗan taro a gida. Dole ka zo o, Baba ya ce ba za a fara ba sai da kai."

Na ce lallai mutanen nan sun san abin da suke yi, addu'ar samun nasara za a yi kafin Talata. Ni Musulmi ne, amma a harkar shari'a da kamfani ba na raina addu'ar kowa. Sai kuma wata dabara ta faɗo mini. Na je wani kemis na yi hayar keken marasa lafiya, don ran Talata a turo Baba Bulus a kai maimakon ya shigo da sanduna. (Na gaya wa kaina don ya huta ne. Ku da ni mun san ba don ya huta ba ne.) Aka ɗaure keken a kan Keke Napep, na rungumi fayil, muka kama hanyar Mahuta.

Tun daga bakin layi na ji kiɗa. An kafa rumfa a ƙofar gida, an jera kujerun roba, matan zumuntar coci sun sha anko suna buga tulu da kacau-kacau, ƙamshin abinci ya cika unguwa. Na sauka ina tura keken nan a gabana da fara'a, ina gaishe da mutane hagu da dama. Na lura ana kallona, ana kallon keken, ana kallon juna. Na ɗauka kwarjini ne.

Fasto ya tarbe ni da hannu biyu ya zaunar da ni a sahun gaba. Ya gabatar da ni a matsayin "ɗan'uwanmu Barista, wanda ya tsaya wa gidan nan lokacin da wasu suka gudu." Aka yi tafi, na ɗan sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. Ya miƙo mini makirufo ya ce in riƙe, ni zan yi magana bayan mai gida ya fito. Ban duba ko a kunne yake ba.

Sai ga Baba Bulus a bakin ƙofa, cikin farar riga sabuwa, da sandunansa biyu a hammata. Mata suka rage murya. Ya tsaya ya kalli jama'a. Ya zare sanda ɗaya ya miƙa wa Mama Saratu. Na ce a raina, to, gyara tsayuwa zai yi. Ya zare ta biyun ya miƙa wa Fasto.

Na ƙanƙame makirufo.

Ya ɗaga ƙafar dama, ƙafar da na rubuta wa shafi arba'in, ƙafar da likita ya sa hannu ya buga hatimi cewa ta gama aiki, ya ajiye ta a ƙasa. Ya ɗaga ta hagu. Taku ɗaya, biyu, uku. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, kiɗa ya ɓarke, mata suka zube suna kuka suna ɗaga hannu sama. Shi kuwa dattijon nan da ya ga ƙafa ta karɓe shi, sai ya fara ɗan rausayawa yana bin kiɗa. Wayoyi suka tashi sama kamar an ba da umarni. Ina waigawa na hango mutum uku da na sani sarai ma'aikatan kamfanin ne, kowanne yana ɗaukar bidiyo yana murmushi.

Ni ban ga mutumin da ya yi wata takwas yana jinya ya miƙe ba. Abin da na gani shi ne janareto ya tashi, shago ya bi shi, injin niƙa yana ɗaga mini hannu. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Innalillahi! Baba Bulus, zauna! Zauna na ce!"

Makirufo a kunne yake. Muryata ta fito ta lasifika biyu, na tabbata har masu sayar da kayan miya a bakin titi sun ji. Da na tsaya a nan, da wataƙila an ɗauka tsoron faɗuwarsa nake yi. Amma ina! Na fizgi keken na zagaya bayansa da gudu na tura, bakin kujerar ya bugi bayan gwiwoyinsa, dattijo ya faɗa ciki daɓas. Na dafe masa kafaɗu, na juya wajen masu waya.

"Ku kashe! Kowa ya goge! Haba Baba, ka bari sai bayan Talata mana!"

Kiɗa ya mutu. Mai tulu ta tsaya da hannunta a sama.

Mama Saratu ce ta fara magana, kuma ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi kashe ni ke nan. "Barista, wata huɗu ke nan kullum da sassafe ina riƙe da mutumin nan yana bin igiyar shanya, taku ɗaya yana hawaye, taku biyu yana zagina. Mun ɓoye maka don mu ba ka mamaki. Ashe kai ba ka so ya warke ba?"

Mai hankali zai ba da haƙuri ya zauna. Ni kuwa lauya ne, sai na kare kaina. Na gyara murya na ce, har yanzu ta cikin lasifika, "A'a Mama, ba wai ba na so ya warke ba ne. Lokacin ne bai dace ba."

Wani daga baya ya ce, "Chai! This man!"

Fasto ya matso a hankali ya zare makirufo daga hannuna, yadda ake karɓe wuƙa a hannun yaro. Ya ce, "Mun gode, Barista. Nan gaba za mu roƙi Ubangiji ya riƙa tuntuɓar ofishinka kafin ya yi aikinsa."

Dariyar da aka yi ba irin wadda ake yi tare da mutum ba ce. Baba Bulus ya dafa hannun keken ya miƙe da kansa, ya ɗan ture shi gefe, aka ci gaba da kiɗa. Na so in sulale, amma an ajiye mini kwanon faten acca a cinya, kuma duk wadda ta wuce cikin matan zumunta sai ta tsaya ta ce, "Sannu Barista, Allah ya ba ka haƙuri." Ta'aziyya suke yi mini. Haka na zauna ina cusa abinci ba na jin ɗanɗanonsa.

Ran Talata Baba Bulus ya shiga ɗakin sulhu da ƙafafunsa, yana ɗingishi amma ba sanda. Lauyan kamfani ya tarbe ni da murmushin da ya nuna mini ya ga bidiyon, kuma ya kalla har ƙarshe. Na yi iya ƙoƙarina, ba zan rage wa kaina wannan ba: na kawo maganar watannin da ya yi ba albashi, da sallamar da aka yi masa yana kwance, da ɗingishin da zai zauna da shi. An samu abin da ya sayi injin niƙa. Shago bai samu ba, a ƙofar gida aka kafa injin.

Da muka fito na kasa haƙuri. Na ce, "Baba, kwana biyu kacal fa. Da ka daure da sandunan nan kwana biyu, da yanzu maganar shago muke yi."

Ya tsaya ya huta a jikin wata mota, ya kalle ni ba tare da fushi ba. Ya ce, "Na sani, ɗana. Ka yi mini ƙoƙari, Allah ya gani. Amma bari in gaya maka wani abu. Duk wata takwas ɗin nan, kowa ya zo dubiya tambayarsa ita ce, da sauƙi? Kai kaɗai kake tambaya, har yanzu tana ciwo? In na ce maka e, sai ka ce madalla, ka rubuta."

Na buɗe baki in musa, sai na ji muryata a kunnena tana faɗin kalmar, ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba. Kunyar Lahadi ta jama'a ce, ana iya mayar da ita abin dariya, ga shi ma ina ba ku labari. Wannan kuwa daga ni sai shi a bakin titi, kuma ta fi zafi nesa ba kusa ba. Sai na tare masa Keke Napep. Ya ce in bar shi, yana so ya ɗan taka.

Darasin da na ɗauka bai da yawa. In za ka je duba mara lafiya, ka bar fayil a ofis. In ka tambaye shi jiki ya ce da sauƙi, ka yi maza ka ce alhamdulillahi kafin lauyan da ke cikinka ya riga ka buɗe baki. Ina ƙoƙari, wallahi ina ƙoƙari. Amma har yau wani lokacin shi yake riga na.